Jagorar Sayen Sassa da Ajiyar Kaya ga Masana'antar Haɗa Kwamfuta

Kamfanin da ake ganin sunansa a bayan kwamfuta ba shi ne ya ƙera yawancin abin da ke cikinta ba. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, takan fito daga Intel ko AMD, ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga Samsung ko SK Hynix na Koriya ta Kudu ko Micron na Amurka, sikirin daga irin su BOE da AUO da LG Display, sannan shi kansa aikin haɗa laftof galibi kamfanonin Taiwan ne ke yin sa a kan kwangila, irin su Quanta da Compal da Wistron, a masana'antun da suka kafa a biranen Kunshan da Chongqing na ƙasar Sin. Saboda haka babban aikin mai masana'antar kwamfuta shi ne ya sa ɗaruruwan sassa daga ƙasashe daban-daban su haɗu a kan teburi ɗaya a ranar da ake bukatarsu, ba su riga ba, ba su makara ba.

Wahalar aikin ta taso ne daga haɗari biyu masu karo da juna. Na farko, sassan kwamfuta masu tsada sun fi kama da tumatir a kan gero: gero yana iya shekara a rumbu darajarsa ma ta ƙaru, tumatir kuwa kowace safiya da ta waye ya rage kuɗi. A shekarun 1990 masu wannan sana'a sukan ƙiyasta cewa darajar sassa na faɗuwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane mako, wato wanda ya ajiye kayan dala miliyan ɗaya na mako goma ya tafka asarar kusan dala dubu 100 ba tare da an sace masa ko kusa ɗaya ba. Na biyu, kwamfutar da ta rasa sashe guda, ko da na dala ɗaya ne, ba ta sayuwa. Matakan da ke tafe duk ƙoƙari ne na bi ta tsakanin waɗannan haɗura biyu.

Mataki na farko: a san kowane sashe har zuwa tushensa

Ana farawa ne da cikakken jerin sassa na kowane samfuri, wanda zai nuna lambar kowane sashe, da yawan da ke shiga kwamfuta ɗaya, da farashinsa, da mai kawo shi, da kwanakin da ake ɗauka daga ba da oda zuwa isowar kaya. Idan wannan jeri yana da kuskure, to duk wata manhajar tsara kaya da za a sayo, ta SAP ce ko ta Oracle, kuskuren za ta riƙa ninkawa da sauri.

Inda masana'antu da yawa ke tsayawa shi ne sanin wanda suke biya kuɗi, alhali haɗarin yakan ɓuya a bayansa. A ƙarshen 2011 ambaliya ta mamaye yankunan masana'antu na ƙasar Tailan, ta shiga masana'antun Western Digital, mai ƙera faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, da na kamfanonin da ke ƙera ƙananan sassan faifan, farashin wasu faya-fayan ya ninka cikin 'yan makonni. Waɗanda suke ganin sun tsira don suna saye a wurin kamfanoni biyu ko uku sai suka tarar cewa duk kamfanonin suna dogaro ne da yanki ɗaya wajen samun wasu sassa. Don haka a tambayi kowane mai kawo kaya sunan garin da masana'antarsa take, da wanda yake sayo masa muhimman sassa, a rubuta amsoshin a taswira guda. Wasu za su yi nauyin baki wajen bayarwa, amma lokacin sabunta kwangila lokaci ne da ake iya sanya wannan bayani cikin sharuɗɗa.

Mataki na biyu: a raba sassa gida-gida, kada a yi musu kuɗin goro

A nan ne, a ganina, aka fi samun riba ko asara. Tsohuwar hanyar da ake koyarwa ita ce a jera sassa bisa kuɗin da suke ci a shekara, inda za a tarar cewa 'yan ƙalilan, wato firosesa da ram da ma'ajiyar SSD da sikirin da batir, su ne suka lashe mafi yawan jari. Wannan rabo yana da amfani, amma bai isa ba, domin yana kallon kuɗi kawai. Sai an ƙara masa tambayoyi biyu: yaya saurin faɗuwar darajar sashen, kuma idan ya yanke, a wurin mutum nawa za a iya samun madadinsa?

Sassa masu tsada masu saurin karyewar farashi, irin su firosesa da ram, a riƙe na 'yan kwanaki kawai, a riƙa duba su kowane mako, kuma babban jami'in saye da kansa ya riƙa bibiyar farashinsu. Kasuwar ram musamman tana da hawa da sauka mai tsanani, domin kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukkanta, idan suka rage aiki farashi ya tashi, idan suka cika kasuwa ya rushe. Mai masana'antar da ya mayar da kansa ɗan caca a wannan kasuwa, yana tara ram don jiran tashin farashi, wata rana zai ci, wata rana kuma za a sauya zamani, kamar yadda aka tashi daga ram nau'in DDR4 zuwa DDR5, ya wayi gari da kayan da sabon madabod, wato babban allon da ake ɗora sassa a kai, ba ya karɓa.

Sassa masu araha da ake samu ko'ina, kamar kusoshi da kwalaye da wayoyin wuta, ba su cancanci a ɓata lokacin taro a kansu ba. A sayi na wata biyu ko uku, a sa doka mai sauƙi cewa idan akwati ɗaya ya ƙare an buɗe na biyu, a ba da oda.

Rukunin da ya fi cutarwa shi ne na uku: sassa masu araha amma masu tushe ɗaya. A ƙarancin cif, wato ƙananan guntayen lantarki da ke cikin na'urori, da aka yi daga 2020 zuwa 2022, abin da ya tsayar da layukan haɗa laftof sau da yawa ba firosesa ba ne, ƙananan cif ne na sarrafa wuta da na tuƙa sikirin da na sauti, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma jiran su ya kai wata shida, wasu ma kusan shekara. Masana'anta ta zuba jari a firosesa da sikirin masu tsada, ga su jibge a sito suna rage daraja, ana jiran wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake ba. Irin wannan sashe shi ya kamata a tara na watanni da gangan, domin kuɗin ajiyarsa kaɗan ne, rashinsa kuwa yana riƙe dukiyar da ta ninka shi sau ɗaruruwa.

Mataki na uku: hasashen bukata, da yadda oda ke yin ƙarya

Hasashe ya kamata ya ginu a kan abin da masu amfani suka saya a kanti, ba a kan odar da dillalai suka aiko ba. Dalili shi ne oda tana kumbura a kowane hannu da ta bi. Idan ciniki ya ɗan ƙaru a kantuna, mai kanti zai ƙara oda fiye da ƙarin don gudun yankewa, ɗan sari ya ƙara nasa a kai, masana'anta ta ƙara nata, har abin ya isa wurin mai ƙera cif ya zama kamar duniya ce ta tashi sayen kwamfuta. Idan kuma aka shiga ƙarancin kaya, masu saye sukan ba da oda ɗaya a wurare biyu ko uku da niyyar soke sauran idan ɗaya ta iso. Kamfanin Cisco, mai ƙera na'urorin sadarwa, ya faɗa wannan rami a 2001, inda ya share kayan da suka haura dala biliyan 2 daga littafinsa bayan odar da ya dogara da ita ta narke. Masu kwamfuta ma sun ɗanɗana irinsa kwanan baya: a 2021, lokacin da annobar korona ta tilasta aiki da karatu daga gida, an fitar da kwamfutoci kimanin miliyan 340 a duniya, a 2022 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 300, kaya suka yi kwantai a hannun dillalai, aka shafe watanni ana karya farashi kafin situna su sarara.

Maganin abin shi ne a nemi dillalai su riƙa aiko rahoto kowane mako na abin da suka sayar da abin da ya rage musu, a saka musu da rangwame idan ya kama. Sannan a kafa zama na wata-wata wanda zai haɗa sashen talla da na saye da na haɗawa da na kuɗi, su fito da adadi ɗaya da kowa zai yi aiki da shi, domin idan aka bar kowane sashe da nasa hasashe, mai talla zai kumbura nasa don kada kaya su yanke masa, mai kuɗi ya tsuke nasa don kada jari ya kwanta. A wannan zama ne ake shigar da abubuwan da aka san suna tafe: komawar ɗalibai makaranta, cinikin ƙarshen shekara, hutun sabuwar shekarar Sinawa a Janairu ko Fabrairu da masana'antu ke rufewa, da kuma ranakun da Microsoft ke daina kula da tsohuwar manhaja, kamar yadda ta yi wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wanda yakan tura ofisoshi sauya kwamfutoci da yawa a lokaci guda.

Mataki na huɗu: a jinkirta haɗawa har sai an san abin da mai saye ke so

A ɗauki samfurin laftof guda mai zaɓin firosesa huɗu, da girman ram uku, da girman ma'ajiya uku, da kibod na harsuna biyar. Wannan ya ba da nau'i 180 na kammalalliyar kwamfuta, kuma ba wanda zai iya hasashen cinikin kowannensu daidai. Amma sassan da suka haifar da su 15 ne kacal, hasashen jimillar ram ɗin da za a bukata kuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya ajiye sassa yana iya juya su duk inda kasuwa ta karkata, wanda ya riga ya haɗa kuwa ya ɗaure kansa.

A kan wannan ne Michael Dell ya gina kamfanin da ya fara a 1984 yana ɗalibi a Austin ta jihar Texas: mai saye ya zaɓi abin da yake so ta waya ko ta intanet, ya biya, sannan a haɗa masa. A farkon shekarun 2000 kayan da ke hannun Dell ba su kai na mako guda ba, lokacin da abokan hamayyarsa ke da na makonni a hannunsu da hannun dillalai. Tsarin ya ba shi wata dama da ba a cika lura da ita ba. Bayan girgizar ƙasar Taiwan ta 21 ga Satumba 1999, da ram ya yi tsada, kamfanin ya riƙa karkata masu saye ta hanyar farashi zuwa nau'in da yake da sassansa, maimakon ya yi alkawarin abin da ba shi da shi. HP kuma ya yi irin wannan dabara da firintocinsa na DeskJet a farkon shekarun 1990: ya daina sanya na'urar wuta da littafin bayani na kowace ƙasa tun daga masana'anta, ya bar wannan ƙarashen aiki ga cibiyar rarraba kaya da ke kusa da kasuwa.

Sai dai tsarin yana da iyaka, kuma bai kamata a kwafe shi ido rufe ba. Da kasuwa ta koma ga laftof masu araha da mutane ke son taɓawa kafin su biya, Dell da kansa ya shiga sayarwa a kantunan Walmart a 2007. Haka kuma siraran laftof na yanzu da yawa ana liƙa musu ram a jikin madabod, wanda ya rage abin da za a iya jinkirtawa. Abin da ya fi dacewa da yawancin masana'antu shi ne gauraye: 'yan nau'o'i kaɗan masu gudu a kasuwa a haɗa su tun kafin oda, odar ofisoshi da makarantu da hukumomi kuma a haɗa bayan an sa hannu. Kuma tun a teburin zane ya kamata jami'in saye ya zauna da injiniyoyi, ya matsa musu su yi amfani da caja ɗaya da batir ɗaya da sikirin ɗaya a samfura da yawa.

Mataki na biyar: lissafin lokacin oda da kayan ko-ta-kwana

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A ninka abin da ake ci a rana da kwanakin jiran kaya, a ƙara kayan ko-ta-kwana, abin da ya fito shi ne adadin da idan abin da ke sito da wanda ke kan hanya suka sauko gare shi za a ba da sabuwar oda. A misali, masana'antar da ke haɗa laftof 200 a rana, wadda sikirin ke ɗaukar kwana 45 kafin ya iso mata, za ta ci guda 9,000 a lokacin jira. Idan ta ga daga tarihin odarta cewa jirgi kan makara har kwana goma, sai ta ƙara 2,000, ta ba da oda duk lokacin da abin da ke sito da wanda ke kan hanya suka sauko zuwa 11,000.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a ɗauki kwanakin da mai kawo kaya ya faɗa da baki a zuba a lissafi. A duba rasit da takardun karɓar kaya na baya, a ga ranar da aka ba da oda da ranar da kayan suka shiga sito a zahiri, domin rashin tabbas na lokacin isowa ya fi tsawonsa cin kuɗi. Mai kawo kaya a kwana 50 ba fashi ya fi wanda yau zai kawo a kwana 30, gobe a 70.

Mataki na shida: yarjejeniya da masu kawo kaya

Dabarar da ta sa Dell ya iya riƙe kayan 'yan kwanaki ita ce ya sa masu kawo masa sassa suka ajiye hajarsu a situna kusa da masana'antarsa, kayan suna nan a matsayin nasu har zuwa lokacin da aka ja su zuwa layin haɗawa. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce kayan ba su ɓace ba, littafin da suke ciki ne ya sauya, kuma mai kawo kaya zai shigar da nauyin cikin farashi idan ba a ba shi abin da zai rage masa haɗari ba. Abin da ake ba shi shi ne bayani: hasashe na gaskiya da ake sabuntawa kowane mako, da alkawari a rubuce cewa odar makonnin kusa ba za a soke ta ba, ta nesa kuma ana iya ƙara ta ko rage ta iya wani kaso da aka amince.

Ga sassan da ake tsoron yankewarsu akwai hanya biyu. Ɗaya ita ce tantance mai kawowa na biyu tun kasuwa na kwance, a ba shi ko da ƙaramin kaso don dangantaka ta ɗore, domin gwajin sabon sashe yakan ɗauki watanni, kuma ranar ƙaranci ba wanda ke sauraron baƙon mai saye. Ƙarancin firosesar Intel a 2018 da 2019 ya nuna amfanin samun samfuran da aka riga aka tsara da AMD. Ɗaya hanyar kuma ita ce kafin alƙalami. A 2005 Apple ya biya dala biliyan 1.25 tun kafin kaya ga kamfanoni biyar masu ƙera ma'adanar filash, wato cif ɗin ajiyar bayanai, don ya kama rabonsa na shekaru. Wannan kamfani ne da Tim Cook, bayan zuwansa a 1998 a matsayin jami'in da ke kula da samar da kaya, ya rufe masa situna ya sauko da kayan hannunsa daga na kimanin wata guda zuwa na 'yan kwanaki. Ke nan rage ajiya da kama hanyar samun kaya tare suke tafiya. Ƙaramar masana'anta ba ta da irin wannan aljihu, amma tana iya ƙulla yarjejeniyar shekara da dillalin da kamfanin ya amince da shi, ta kuma guje wa kasuwar bayan fage inda jabun cif ke yawaita a lokacin ƙaranci.

Mataki na bakwai: zaɓen hanyar sufuri

Abu mai tsada mara nauyi, kamar firosesa da ram, jirgin sama ya dace da shi, domin darajar da zai rasa cikin makonni biyar ko shida a teku ta fi kuɗin jirgin. Akwatin kwamfutar tebur da manyan sikirin da kwalaye kuma sai kwantena. Tsakanin biyun akwai jirgin ƙasa daga Chongqing zuwa Duisburg ta Jamus, wanda ya fara aiki a 2011 yana kai laftof Turai cikin mako biyu zuwa uku. Batiran litiyom suna cikin kaya masu haɗari a dokokin jiragen sama, suna bukatar takardar gwaji da shiryawa ta musamman, don haka a ba su lokaci na daban a jadawali. Hanyar teku ma ba ta da tabbas: jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez na kwana shida a Maris 2021, hare-haren Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 kuma sun sa jirage zagayawa ta kudancin Afirka.

Mai haɗa kwamfuta a Najeriya yana da ƙarin nauyi biyu. Kwanakin jiransa ba sa ƙarewa da isowar jirgi Apapa ko Tin Can, sai ya lissafa buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a banki da takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya da fiton kwastan da hanyar mota zuwa masana'anta. Sannan yana saye da dala yana sayarwa da naira, kuma tun da aka saki farashin naira a Yuni 2023 an ga yadda sashen da darajarsa ke faɗuwa a dala zai iya tashi a naira. Wannan yakan ruɗi mutum ya ɗauka tara kaya riba ce, don haka ya dace ya riƙa auna hajarsa da kuɗin da zai maye gurbinta a yau.

Mataki na takwas: ma'auni da ƙidaya

Ma'auni uku sun wadatar a farko. Kwanakin da kayan sito za su ɗauka kafin su ƙare, kason odar da aka kai wa masu saye a ranar alkawari, da kuma zagayen kuɗi, wato kwanakin ajiya a haɗa da kwanakin jiran biyan masu saye a cire kwanakin da masu kawo kaya suka ba da bashi. Mai ajiyar kwana 20 da ke jiran kuɗinsa kwana 30 yana kuma biyan bashi a kwana 45, jarinsa na kwana 5 ne kawai a ɗaure. Dell ya yi shekaru wannan lissafi nasa yana ƙasa da sifili, ma'ana yana karɓar kuɗin mai saye kafin ya biya mai sassa. Dole a riƙa kallon ma'aunan tare, domin wanda aka auna shi da rage ajiya kaɗai zai rage ta har layi ya tsaya. Maimakon rufe masana'anta sau ɗaya a shekara don ƙidaya, a riƙa ƙirga wani ɓangare kullum, masu tsada kowane mako, firosesa da ram kuma a ajiye su a keɓaɓɓen ɗaki mai makulli da lambar kowane guda a rubuce.

Mataki na tara: sauke tsohon samfuri

Asara mafi girma takan zo ne a watannin ƙarshe na samfuri, lokacin da hankalin kowa ya koma kan sabo. Da zarar an san ranar fitowar sabuwar firosesa, a tsayar da ranar odar ƙarshe ta kowane sashe da tsohon samfuri kaɗai ke amfani da shi, a lissafa su yadda za su ƙare tare, kada a wayi gari da madabod 3,000 da murfi 500. Ragowar kammalallun kwamfutoci a karya farashinsu da wuri kafin a sanar da sabo, domin rangwamen da ake jin zafinsa a yau ya fi wanda za a tilasta yi bayan wata biyu sauƙi. Daga nan a ware kayan gyara na tsawon garanti, bisa tarihin abin da ya fi lalacewa a samfuran baya, wanda galibi sikirin ne da kibod da maƙalar murfi da caja. Batir kaɗai ne ba a saye na shekaru a jibge, domin yana tsufa ko ba a yi aiki da shi ba, don haka sai a rubuta a kwangilar mai ƙera shi cewa zai ci gaba da kawo shi kaɗan-kaɗan har garantin kwamfuta ta ƙarshe da aka sayar ya cika.